Faifan da Aka Ji, da Faifan da Aka Saya

Yau zancen kiɗa na kawo muku, kuma ba irin kiɗan da kuka saba jin ina magana a kansa ba. Labarin wani makaɗin jita ne, Ba'abzine mutumin Nijar, da ƙungiyarsa ta mutum huɗu, da yadda faya-fayansu suka kasance a kasuwa. Na ɗauko shi ne domin da yawa cikinku kuna da waƙoƙi a ajiye, wasu a littafi, wasu a waya, kuna tara kuɗin shiga situdiyo, kuma tambayar da ke hana ku barci ita ce ko abin zai karɓu. To, kalmar nan "karɓuwa" tana da baki biyu. Akwai karɓuwa a kunne, akwai karɓuwa a aljihu, kuma mutumin nan ya ɗanɗana kowace ita kaɗai kafin su haɗu masa.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma duniya ta san shi da Mdou Moctar. Ɗan jihar Tawa ne, daga ƙasar makiyaya da ke arewa da garin Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan. Gidansu gidan addini ne, iyayensa ba su so ya taɓa jita ba, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta: katako, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa. Wanda ya fara burge shi shi ne Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jitar Abzinawa a Nijar. Duk wanda a cikinku wani dattijo ya taɓa cewa ya rage ƙarar jitar nan tana hana mutane jin kalmomi, ya san kaɗan daga abin da yaron ya sha a gida.

A shekarar 2008 ya gangaro Sakkwato don ya ɗauki faifansa na farko. Wanda ya san hanyar ba zai yi mamaki ba. Daga Tawa sai Ƙonni, daga Ƙonni ka tsallaka Illela, daga Illela sai birnin Shehu. Hanyar da raƙuma da shanu da albasa suka daɗe suna bi ce. A lokacin kuma kiɗan finafinan Hausa ne ke mulkin kunnuwa daga Kano har Agadas, kuma situdiyoyin da suka iya shi suna wannan gefen iyaka. Fiyano guda, kwamfuta guda, da na'urar nan mai murɗa murya ta koma siririya kamar ana busa ta ta cikin kara. Da waɗannan kayan aka yi masa faifan da ya sa wa suna Anar. Waƙoƙin da Buzanci ya rera su, amma rigar da aka sa musu ta Hausa ce. Idan ka ji su daga nesa za ka ɗauka waƙar fim ce, sai ka matso ka ga ba ka gane kalma ko ɗaya ba.

Babu kamfanin da ya fitar da Anar a wancan lokaci. Ba a buga shi an kai shago ba, ba a yi masa talla ba. Ta memori da bulutut ya fita, daga waya zuwa waya, har ya kai garuruwan da mai shi bai taɓa takawa ba, a Nijar da Mali da kewaye.

Wannan hanya na san ta ciki da bai, domin a tsakanin Isa da Sabon Birni na girma, inda aikin gwamnati ya kai mahaifina, kuma ko bayan na tafi karatu ban daina komawa ba. A kowace kasuwar yankin za ka tarar da rumfar mai cajin waya: ƙaramin janareta yana tari a baya, wayoyi a jere kan tebur kamar kifi a shanya, da saurayi guda a gaban kwamfuta. Ka miƙa masa memorinka da 'yan canji, ya cika maka. Ba ya tambayarka wane mawaƙi kake so sai dai idan kai ka faɗa. Abin da ke tashe yake zuba maka, wa'azi da waƙar fim da kiɗan Indiya da na Larabawa da na Abzinawa duk a buhu ɗaya. Mai tura waƙa shi ne gidan rediyon ƙauye, shi ne kuma dillali. Abin da ya so, shi gari zai ji a makon nan. Sau da yawa waƙa tana zuwa babu sunan mai ita, sai lamba kawai, ko sunan da wani ya ga dama ya laƙaba mata. Na sha jin irin wannan jita tana tashi daga wayar wani mai raƙumi da ya sauko cin kasuwa, ko ta mai gadin wani shago da dare, ban taɓa tunanin in tambayi waye mai kiɗan ba. Shi ma mai wayar da wuya ya sani.

Ku lura da lissafin nan. Mai janareta ya samu, mai sayar da fetur ya samu, wanda ya shigo da memori daga Caina ya samu. Mutum ɗaya ne kuɗin bai bi ta ƙofarsa ba, wato wanda ya yi waƙar. Ba na cewa bai amfana da komai ba. Sunan da waya ta yaɗa shi ne ke sa a kira makaɗi biki, a can a yi masa liƙi, kuma har yau bikin aure shi ne babbar kasuwar makaɗan jita a Agadas. Sai dai faifan kansa, a matsayin haja, sisi bai kawo ba.

Ana nan sai wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin kiɗa da ake kira Sahel Sounds a birnin Portland, ya zauna a Kidal ta arewacin Mali yana musayar waƙoƙi da samari ta waya, kamar yadda kowa ke yi. Daga abin da ya tara ya haɗa wani kundi mai suna Music from Saharan Cellphones, wanda ya fito a faifan garmaho a 2011. A ciki akwai waƙar Mdou Moctar mai suna Tahoultine. Abin da ya bambanta shi da mai rumfar caji shi ne, ya tsaya neman masu waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya don ya ba su rabonsu, kuma neman ya ba shi wuya, tun da waƙoƙin ba su ɗauke da adireshin kowa. Da ya samo Mdou, sai abota ta ƙullu. Ya kai masa jitar bahagwai, kamfaninsa ya fitar da Anar a hukumance a 2014, shekara shida bayan an ɗauke shi a Sakkwato, kuma suka yi fim da Buzanci a Agadas wanda ya fito a 2015, ya ari ƙashin labarin fim ɗin Prince na 1984, Purple Rain.

A nan sai na ɗan ratse in yi bayanin irin kiɗan da ya koma yi, domin ba kowa ne ya san shi ba a cikinmu. Turawa suna da wani reshe na kiɗan rok da suke kira hard rock, wato rok mai nauyi. Kayan aikinsa kaɗan ne: jitar lantarki da ake ƙure wa ƙara har muryarta ta dushe ta yi gurnani, jita mai kaurin murya da ke riƙe ƙasa, ganguna da ake duka ba sassauci, sai mai waƙa da dole ya ɗaga murya sama da su duka. Ya yi ƙarfi ne daga ƙarshen shekarun 1960, a hannun ƙungiyoyi irin su Led Zeppelin da Deep Purple na Ingila, daga baya Van Halen na Amurka da AC/DC na Ostareliya. A can, faifai haja ce da ake ƙirgawa kamar buhun gero. A Amurka idan an sayar da kwafi 500,000 sai a ba faifai lambar zinariya, idan ya kai miliyan guda a ba shi ta filatinam. Faifan AC/DC mai suna Back in Black, wanda ya fito a watan Yuli 1980, 'yan watanni bayan rasuwar mawaƙinsu Bon Scott, ana ƙiyasin ya sayar da kwafi wajen miliyan 50 a duniya. Kusan sa'ana ne faifan nan, kuma ya fi ni tara dukiya nesa ba kusa ba. Yanzu da mutane suka koma saurare ta intanet, sai masu ƙirgar suka sake ma'auni: a ji waƙoƙin faifai sau 1,500 daidai yake da an sayi kwafi ɗaya.

Wannan ita ce kasuwar da ɗan jihar Tawa ya shiga. Ya haɗa ƙungiya: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, a jita mai kauri, wanda kuma shi ne ke tsara ɗaukar sauti. A 2019 suka fitar da Ilana: The Creator, wanda aka ɗauka a birnin Detroit, faifansu na farko na situdiyo a matsayin cikakkiyar ƙungiya. Daga nan kamfanin Matador na New York, wanda ya yi suna wajen ƙungiyoyin rok, ya ɗauke su. Ranar 21 ga Mayu 2021 aka fitar da Afrique Victime, mai waƙoƙi tara.

Wani ɗalibina a nan kwalejin tauhidi ne ya fara kunna mini shi, da yamma bayan an tashi daga aji, a wata 'yar lasifika da ba ta kai tafin hannu ba. Ba na jin Buzanci, sai gaisuwa da sunan shayi. Amma gangar ba baƙuwa ba ce a kunnena. Tafiyarta irin ta raƙumi ce idan ya fara sassarfa, tana ƙara sauri a hankali ba tare da ka lura ba, sai ka ga ƙafarka ta riga ka. A waƙar da faifan ya ci sunanta, wadda ta haura minti bakwai, ana farawa ne da kira da amshi kamar kowace waƙar dandali, sannan can gaba jitar ta ɓalle, ta yi ta kuka tana hawa, ba kalma ko ɗaya, kamar mutumin da magana ta ƙare masa amma ɓacin ran bai ƙare ba. Sunan da Faransanci ne, ma'anarsa Afirka da aka zalunta, kuma a kan abin da mulkin mallaka ya bari yake magana. Mutumin da ya fito daga ƙasar da aka daɗe ana haƙar yuraniyom a Arlit don a haska biranen Faransa, alhali ƙauyensu fitilar tocila ake kunnawa, yana da abin faɗa a kan wannan. Amma kada ku ɗauka faifan duka hayaniya ne. Akwai waƙoƙin soyayya masu sanyi a ciki, irin su Tala Tannam, da jitar katako da tafi, waɗanda za ka iya sa wa jariri ya yi barci.

Yaya aka karɓe shi? Masu sharhin kiɗa a Amurka da Turai sun yaba ƙwarai. Manyan jaridu da mujallu, irin su New York Times da Rolling Stone da Pitchfork, sun yi rubutu a kansa, kuma da shekara ta ƙare ya shiga jerin fitattun faya-fayan 2021 a wurare da dama. Aka riƙa yi masa kirari da Hendrix na Sahara, saboda shi ma Jimi Hendrix bahago ne. Cinikinsa bai kama ƙafar na Back in Black ba, kuma babu wanda ya sa ran haka. Zamanin da faifan rok ke sayar da miliyoyi ya wuce ko ga 'yan gida, balle ga mai waƙa da harshen da masu saye ba sa ji. Abin da faifan ya yi musu shi ne ya buɗe ƙofofin manyan zauruka da bukukuwan kiɗa, har zuwa Coachella a 2024. A can kuɗin yake: tikitin shiga, da riguna, da faifan garmaho da ake sayarwa a bakin ƙofa. I, garmahon nan da kakanninmu suka jefar ya dawo kasuwa a Turai, da tsada kuma. Idan ka duba da kyau, biki ne dai har yanzu yake ciyar da makaɗin, sai dai an sauya garin da ake bikin da kuma kuɗin da ake liƙawa.

Akwai wani abu da kamfanin ya yi wanda ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Cikin nau'o'in da aka fitar da Afrique Victime, har da 'yan tsirarun wayoyin Nokia 6120 da aka zuba faifan a cikinsu, don tunawa da yadda waƙoƙinsa suka fara yaɗuwa. Wayar talaka, wadda muke ɗaure wa ƙyauro idan murfinta ya fashe, ta zama kayan ajiyar masu sha'awa a New York da Landan. Ban ga laifin kowa a ciki ba, girmamawa aka nufa. Sai dai ku riƙe shekarar a ranku, 2021, mu koma gida mu ga abin da waya take nufi a lokacin.

A watan Fabrairu na shekarar Spotify ya fara aiki a Najeriya, matasan Legas da Abuja suna murna. A watan Satumba kuwa aka katse layukan waya a Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Tun kafin nan ƙasar ta sha wuya. A ƙarshen Mayu 2020 an kashe mutane fiye da saba'in a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni. Dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wajen Gidan Runji, wurin 'yan'uwansu Gobirawa na wancan gefe, domin iyakar nan ta raba gonaki ne kawai, ba ta raba Alƙalawa da Tsibiri a jini ba. A Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo. A Disamba aka ƙone matafiya a cikin mota a kan hanyar da ta tashi daga Sabon Birni ta bi ta ƙasar Isa. Ni da nake nesa, makonni na yi ban ji muryar kowa ba, sai idan wani ya sami layin Nijar ya hau tudu ya kira, mu yi magana a gurguje, ya lissafa mini wanda ke raye.

A irin wannan hali, mene ne saurare sau 1,500? Ko da duk samarin Gatawa da Tsamaye sun kwana suna jin jitar Mdou Moctar, babu na'urar da za ta ƙirga su, domin ma'aunin yana ganin wanda ke da sabis da data da katin banki ne kawai. Mutanen da kiɗan ya fi kusa da su, waɗanda suka san ƙishirwa da ƙaura da ƙarar babura da tsakar dare, su ne ba sa cikin lissafi. Kuma waƙa ba ta tsaya ba a watannin nan. Bulutut da Xender ba sa bukatar sabis. Waya biyu su matso kusa, shi ke nan. Hanyar da ta ɗauki Anar a 2008 ita ce ta rage a raye a 2021, a daidai lokacin da ake sayar da ita a matsayin abin tarihi a wata nahiya.

Saboda haka idan kuka ga an rubuta cewa faifai kaza ya karɓu, kaza bai karɓu ba, ku tambaya: a wurin wa, kuma wa ya ƙirga? Jadawalin ciniki yana faɗin gaskiya, amma gaskiyar masu biya yake faɗa.

Kada kuma wannan ya sa mu ɗauka hanyarmu ta kyauta tsarkakakka ce. Ƙasar Isa ta san makaɗi tun kafin a ƙirƙiro faifai. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, bai taɓa jiran cinikin kwafi ba, amma bai yi aikin banza ba. Doki ake ba shi, da riguna, da damman hatsi, a gaban jama'a, kowa yana gani. Al'adar ta san cewa wanda ya ji daɗin waƙa ya ci bashi, kuma abin kunya ne babban mutum ya tashi bai biya ba. Tsarin yana da nasa ciwon, domin wanda ya ba ka doki shi za ka wasa, kuma har gobe muna ganin haka a waƙoƙin siyasa da ke cika mana kunne duk lokacin zaɓe. Amma ko kusa makaɗi bai kwana da yunwa don an so waƙarsa ba. Mu ne muka zo muka riƙe jin daɗin, muka yar da biyan. Muryar Narambaɗa kanta ta bi kaset ta koma memori, ana tura ta a rumfar caji tare da sauran kaya.

Na ga yadda abin ke ƙarewa a kusa da ni. Wasu matasa da na sani, mawaƙa na gaske, sun yi noman rani, sun haɗa da kuɗin akuyar mahaifiyar ɗayansu, suka je birni suka ɗauki waƙoƙi takwas. Suka buga kwali guda na faifai, aka yi bikin ƙaddamarwa, manya suka yi alkawarin kuɗi a lasifika, aka tafa. Cikin wata guda waƙoƙin sun shiga kowace waya a unguwa, yara suna rera su a hanyar rijiya. Kwalin kuwa yana nan a ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe shi, kuma yawancin alkawuran a lasifikar suka tsaya. Mai gangarsu ya tafi kudu aikin acaɓa. Ba su sake ɗaukar ko waƙa ɗaya ba. Duk wanda ka tambaya zai ce maka faifan ya karɓu, kuma bai yi ƙarya ba.

To ni dai ga abin da nake gani. Ba za mu hana tura waƙa ba, kuma bai kamata mu so hanawa ba; a ƙasar da sabis ke zuwa yana tafiya, ita ce kaɗai hanyar da ba a iya katsewa. Amma ku masu shirin shiga situdiyo, kada ku gina lissafinku a kan sayar da kwafi. Ku ɗauki faifan a matsayin ɗan aike da zai je inda ba ku je ba, ya jawo a gayyace ku. Ku sa sunanku da sunan garinku a jikin kowace waƙa, ku faɗe shi da baki a farkonta idan ta kama, kamar yadda mawaƙan Hausa suka saba, domin rubutu yana gogewa a hanyar waya amma murya ba ta gogewa. Shekara uku waƙar Mdou ta yi tana yawo kafin ta hau faifan da ake saye, kuma sai da wani ya sha wahalar neman mai ita. Ku kuma masu saurare, idan waƙar ɗan'uwanku ta kwana a wayarku wata shida, kun san inda yake zaune. Kuɗin kati ɗaya ba zai talauta ku ba.

Wani zai ce, ai da Bature ya fara biya, sai makaɗin ya sauya kiɗansa don ya faranta masa. Na yi tunanin wannan, domin tazarar da ke tsakanin Anar na Sakkwato da Afrique Victime tana da faɗi. Amma ban gamsu ba. Ƙarar nan da saurin nan daga filin bikin Agadas suka fito, inda janareta ke kuka, lasifika ta tsage, samari suna tsalle cikin ƙura. Can aka haife su kafin Detroit ta ji su. Kuma mai neman faranta wa masu saye ba ya sa wa waƙa suna Oh France ya je ya rera ta a Turai. Wannan waƙa tana cikin faifan da ya biyo baya, Funeral for Justice, wanda Matador ya fitar ranar 3 ga Mayu 2024, kuma ya fi na baya zafi da nauyi. A cikinsa har da waƙar da ke roƙon Abzinawa kada su bar harshensu ya mutu. Wani ɓangare na abin da yake samu kuma rijiyoyi yake haƙawa da shi a ƙauyukan ƙasarsu. Ubangidansa dubban baƙi ne masu sayen tikiti, kowa da ɗan kaɗan, don haka babu mutum ɗaya da zai ce masa ga abin da za ka faɗa. Narambaɗa bai sami wannan sararin ba.

An riga an gama ɗaukar Funeral for Justice lokacin da sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023. Ƙungiyar tana tsakiyar rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki da sararin samaniyar Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, hanyar Illela zuwa Ƙonni ta tsaya cik da manyan motoci a jere. Mutum uku 'yan Nijar na cikin ƙungiyar suka maƙale a ƙasar mutane, ba hanyar komawa wurin iyalansu. Waɗanda jaridun duniya suka gama yabo, sai ga shi an buɗe musu asusun neman taimako a intanet don kuɗin masauki da abinci, masoyansu suka yi karo-karo. A daidai watannin nan, mutanenmu da ke Gidan Runji su ma suna kallon kudu, gida yana nan tafiyar yini guda, ba damar zuwa.

Cikin wannan zaman jira ne suka shiga wani situdiyo a Brooklyn, suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jitar katako, a zaune, babu gurnanin lantarki. Suka sa masa suna Tears of Injustice, ya fito a watan Fabrairu 2025. Ɗalibin nan nawa ya saye shi ta intanet da kuɗinsa, sannan ya tambaye ni ko ya tura mini. Na ce ya bari, ya nuna mini inda ake biya.